Sunayen da Na Kai Gwanja

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni Ya kuma dawo da ni a kan ƙafafuna. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, tun da na dawo daga Gwanja ba a bar ni na sha fura cikin natsuwa ba. Ina ɗaga ludayi sai sallama: "Malam Bawa, yaya Gwanja?" Wasu goro suke hange, alhali na dawo ba ko ɓari. Wasu kuwa so suke su ji daga bakina abin da na yi har fada ta yi fushi da tsoho irina. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na jiƙa tawada. Karatuna a izu talatin ya tsaya, ranar da malaminmu ya duba allona ya ce in je in taya ubana rini, addini zai samu wasu. Saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo mini gida.

Sai na fara da garinmu, don in ba haka ba tafiyar ba za ta fahimtu ba. Sunansa Tudun Masaƙa, tafiyar yini guda daga Maska. Auduga muke nomawa, mu saƙa, mu rina. Rani biyu kafin tafiyata mahara suka faɗo masa da hantsi, ran kasuwa. Suka kashe na kashewa, suka ɗaure na ɗaurewa, suka sa wuta. Ni da matata Ladi mun kai turkuɗi, zanen da muka rina, Bakori ran nan, abin da ya tsirar da mu ke nan, ba jarumtaka ba. Yayarmu Hajo tana cikin waɗanda muka binne. Waɗanda suka rage suka watse, ni na raɓa wani ƙauye na haƙa sabon karofi na ci gaba da rini.

Ƙanena Audu kuwa ya fi shekara ashirin da bin ayari, ya zauna a wani zango a ƙasar Gwanja. Mutanen garinmu sun taru a can har sun yi unguwa guda. Hanyar Bargu ta toshe shekarun nan biyu saboda rigima, don haka ba wanda ya kai musu labari.

To, tudun nan namu a bakin hanyar mahara yake. Muddin da mutane a kansa, da su ake farawa, kafin a gama da su manyan garuruwa sun ji kururuwa sun rufe ƙofa. Masu ƙasa suna so a sake cika shi. Na kusa duk sun san abin da ya faru, aka yi lallashi aka yi barazana, ba wanda ya motsa. Sai wani mai dogon tunani a fada ya tuna da mutanen Gwanja: suna da dukiya, suna da 'ya'ya, suna kewar gida, kuma ba su sani ba.

Dama al'ada ce, duk bayan 'yan shekaru fada takan aika wa zangunan hanya da gaisuwa. Sarkin zango a kai masa rawani, liman a kai masa littafi, a haɗa da maroƙi da sababbin waƙoƙi, da buhunan daddawa da kuka don miyar baƙin wuri ta yi ƙamshin gida. Da ina ɗaukar abin zumunci ne kawai. A wannan karon aka ƙara kaya guda a kan buhunan, wato ni.

Jakadan da zai ja tafiyar ya aiko aka kira ni. Mutum ne mai sanyin murya, ban taɓa jin ya ɗaga ta ba.

Ya ce, "Baba Bawa, ba ka marmarin ƙanenka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, marmari ba ya hawa jaki."

Ya ce, "Ga jaki. Ga riga. Mutanen can sun san fuskarka tun suna yara. Aikinka guda ne, in an tambaye ka gida, ka amsa yadda ake amsawa."

Na gane abin da yake nufi sarai. Ba zan yi muku ƙarya a takardar da na fara da sunan Allah ba: na karɓi rigar. Ina son in ga Audu kafin in mutu, na ce wa zuciyata sauran magana sai an isa.

Muka tashi bayan kaka, da hanyar ta buɗe, tare da wani babban ayari na fatake masu kanwa da tufafi, muka bi ta Dandume muka nufi Birnin Gwari. Jakin da aka ba ni dattijo ne kamata, kuma ra'ayinmu ya zo ɗaya game da sauri. Tun yinin farko aka bar mu a baya tare da maroƙin tafiyar, Barau, wanda shi ma kalangunsa da tumbinsa suka hana shi gaba. Barau ɗan ƙasarmu ne, ba sunan da aka yi a Tudun Masaƙa cikin shekara talatin da bai tsaya a ƙofa ya yi roƙo ba. Ya san asalin kowa har kaka na huɗu, ya san kakar wa aka sayo, ya san wa ya ƙi ba shi tukuici a bikin wa.

A Birnin Gwari na fara ganin yadda aikin yake. Muka sauka gidan sarkin zango, aka ba shi rawani a gaban jama'a. Barau ya yi waƙa, ya ce ƙasarmu ta kwanta, mace takan ɗauki ƙwaryar nono daga wannan gari zuwa wancan ba mai tambayarta. Aka raba daddawa. Da la'asar sai na ga sarkin zango da Jakada sun koma gefen rumbu su biyu, ɗaya na magana ɗaya na gyaɗa kai. Na matsa kamar mai neman inuwa. Ashe sarkin zango lissafa masa yake wane falke ya zagi fada a kasuwa, wane ya ce haraji ya yi yawa, wane ke sayar wa mahara gishiri. Haka aka yi a kowane zango har muka isa.

A Yawuri muka iske kogin Kwara. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin wandona ba, na tsaya na dube shi da kyau, na ce wa madugu ni ina ganin Gwanja ba ta da wani abin gani. Aka ɗauke ni cak aka sa a kwalekwale kamar buhu. Jakina aka ɗaura masa igiya ya bi mu da iyo, kuma ya fi ni mutunci nesa. Na karanta duk abin da na haddace, ya ƙare muna tsakiyar ruwa, na sake ɗaukowa daga farko. Mai fito ya ce da ni, "Malam, ka rage murya, dorina ba ta son hayaniya." Daga nan na koma karatun zuci.

A ƙetare masu karɓar kuɗin hanya suka kwance kayanmu ɗaya bayan ɗaya. Wani saurayi cikinsu ya zura hannu har gwiwa a buhun daddawa yana zaton an ɓoye wani abu. Ya zaro, ya shinshina, ya dube mu da tausayi, ya ce wa tafinta a tambaye mu wane laifi mutanen Gwanja suka yi mana. Aka bar buhunan suka wuce ba a karɓi komai a kansu ba.

Ƙasar Bargu ba a kwana da takalmi a cire. Daji ne mai duhu, mutanensa kuma suna da kibiya mai dafi, ba sa son dogon zance. Sarkin wani gari ya tsare mu kwana huɗu, ya ce abin da madugu ya miƙa bai kai girmansa ba. A rana ta huɗu Jakada ya tura Barau. Na bi shi don in ga yadda za a kashe maroƙi. Sai na ji ya ɗauko waƙar nan da yake wa mai ƙasarmu, tiryan-tiryan, ya cire suna ya sa na wannan sarkin. Sarkin bai ji Hausa ba, amma ya ji sunansa na dawowa kamar sau hamsin, ya yi murmushi, aka buɗe mana hanya har da rago.

Na ce, "Barau, ashe waƙar taka riga ce, kowa ya sa ta yi masa."

Ya ce, "Ka ci ragon ko ba ka ci ba?"

Na ci.

Bayan Nikki ya fara gwada sabuwar waƙar da aka tanada don Gwanja, muna tafe a ƙarshen ayari. Waƙar Tudun Masaƙa ce. Ya faro daga ƙofar masallaci ya bi gida gida: ga hayaƙi na tashi a maƙerar Tanko, ga Hajo na kaɗi a gindin tsamiya, ga rumbunan Maigari sun cika har an rasa inda za a zuba. Muryar Barau ba ta wasa ba ce. Ni da na haƙa kabarin Hajo da hannuna, sai da na ji kamar in waiwaya in gan ta.

Na ce, "Maƙerar Tanko ai ni da kai muka tsaya a kan tokarta."

Ya ce, "Malam Bawa, abin da aka ɗora mini nake ɗauka, kamar jakinka. Shi ka taɓa tambayarsa me ke cikin mangala?"

"Jakina bai ci tuwon sunan 'ya'yan Tanko ba."

Ran nan bai ƙara taɓa kalangu ba, amma washegari ya ci gaba da gwaji.

A Jugu muka sami fatoma, wato mai masaukin fatake, Bahaushe ɗan Zazzau, mai gida mai zaure uku. Nan na fara cin sakwara. Doya ce ake dafawa a kirɓa har ta yi danƙo, ba a tauna ta, haɗiyewa ake. Ni da haƙorana biyar ne na ce lalle masu wannan abinci sun san darajar tsofaffi. Miyarsu dai man ja ne da barkono, sai ka ci kana share hawaye mai gida na murna wai ka ji daɗi. A gidan nan na ga wani falke ɗan ƙasarmu ya iso da jakunansa ya yi sallama, aka ce masa ba wuri, alhali zaure guda fanko. Na tambaya, fatoma ya ce mini a hankali sunansa ya zo cikin waɗanda bakinsu ba ya da linzami game da gida. Ba wanda ya dake shi, ba wanda ya zage shi. Kawai ba zai sami masauki ba, ba dillalin da zai taɓa kayansa, daga nan har Gwanja. Na shafa rigar da ke jikina na ji ta yi nauyi.

Da ya rage mana tafiyar rabin yini mu shiga zangon su Audu, Jakada ya ce a sauka a wani ƙauye, wai dabbobi sun gaji. Ran Litinin ce. Ayari ya wuce, mu muka zauna muna kallon jakuna na cin ciyawa har Laraba. Ban gane dalili ba sai daga baya, kuma don ku gane shi sai na tuna muku abin da kuka sani. A wurinmu baƙon da ya zo daga nesa ba ya buɗe baki da mugun labari. Sai ya sha ruwa, ya ci abinci, ya kwana uku, sannan ya nemi babban gida a keɓe ya faɗa masa. Kafin nan duk wanda aka tambaye shi, lafiya lau, yana gaishe ku. A zangunan nesa sun riƙe wannan fiye da mu, wanda ya karya ta ana ganinsa mara tarbiyya mai baƙar ƙafa. Jakada ya ƙirga kwanakinsa: mu shiga Laraba, a shafa fatihar komawa gida ran Juma'a, kwana ukuna su cika Asabar. Wanda kuwa ya shafa fatiha a gaban jama'a ya sayar da gidansa, ko ya ji labari daga baya, kunya da rashin wurin zama za su tura shi hanya.

Audu ya tarye ni a bakin zango. Na bar shi siriri kamar zare, na iske shi da tumbi da furfura da 'ya'ya bakwai masu Hausa a karkace. Ya rungume ni yana kuka yana dariya.

"Yaya, ka tsufa."

"Kai kuma ka ci rabon mutum uku."

"Yaya gida? Yaya Hajo?"

Jakada na tsaye a bayana yana gyara rawani. Na ce, "Tana gaishe ka."

Aka ce don girmamawa ba zan sauka gidan ƙanena ba, sai gidan sarkin zango, ɗaki ɗaya da mutanen Jakada. Duk inda na sa ƙafa akwai mai riƙe mini buta. Ban taɓa samun gata irin wannan ba, ko bayan gida sai an raka ni.

Gwanja ƙasar goro ce amma ba ta da ruwa. Tulu guda sai ka saya, itace ma sai ka saya, abin da a wurinmu ko maƙiyinka ba ka hana shi. Mai rijiya a can ya fi mai doki. Audu yana da rijiya biyu a cikin gida, da su ya yi arziki, ba da fatauci ba. Ran Alhamis ya zagaya da ni, mai butata na biye. Ya nuna mini kaya an ɗaure, ya ce ya yi ciniki da wani Bagwanje zai karɓi gidan da rijiyoyin bayan Juma'a. Ya nuna mini ƙananan fartanyu da ya sa aka ƙera wa 'ya'yansa maza.

Ya ce, "So nake su san noman auduga. Yaran nan ba su taɓa ganin karofi ba, Yaya. Gida wajen talatin muka yi shawara, tun da saƙon Jakada ya riga ku zuwa. An ce ƙasa ta kwanta, gona kyauta, shekara uku ba mai tambayarka komai. Tsamiyar ƙofar gidanmu tana nan?"

Wannan kam na amsa da gaskiya, tsamiya tana nan. Ita wuta ba ta ci ta ba.

Muna fitowa wata tsohuwa ta tare ni, Gwaggo Tabawa, wadda ta bi ƙaramin ɗanta zuwa Gwanja ta bar babban, Tanko maƙeri, a gida. Ta kama hannuna da hannu biyu.

"Bawa, Tankona ya yi furfura?"

Na ce, "Kaɗan, Gwaggo."

"Yana cin abinci? Tun yana yaro in yana aiki mantawa yake."

"Yana ci."

Ta ce to, ita ko a kan jaki za a ɗaura ta sai ta je.

Da yamma Jakada ya kira ni ya miƙo mini goro fari. Ya ce na yi kyau, ya ce an san da ni. Ya tambayi lafiyar Ladi, ya ce ya ji sabon karofin nawa na ba da launi mai kyau, zai zama abin takaici a ce wuri irin wannan ya rasa mai kula da shi. Na gode masa. Na yi tunanin in ja Audu gefe in raɗa masa, to amma in na tsirar da gida ɗaya, sauran fa? Kuma in na tashi a taro na ce ƙarya ne, za a ce tsoho ya ruɗe da wahalar hanya, ga shi mara kunya da bai cika kwana uku ba, a janye ni a ci gaba. Na juya abin na juya, na rasa ta inda zan kama. Sai da asuba ina alwala na tuna ina da rabin karatu, kuma ban taɓa cin moriyarsa ba.

Bayan Juma'a aka taru a ƙofar sarkin zango, maza a gaba, mata a bayan zana. Aka naɗa masa sabon rawani, aka miƙa wa liman littafinsa cikin gafaka. Barau ya miƙe ya yi waƙar Tudun Masaƙa. Na ga manyan mutane na share ido da bakin riga. Duk gidan da ya ambata sai ka ji guɗa daga bayan zana. Da ya gama, Jakada ya ce masu niyyar komawa su matso. Suka matso, Audu a sahun gaba. Liman ya ɗaga hannu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya ta karatu. Ka san nawa rabi ne."

Aka yi dariya. Liman dattijo ne mai haƙuri, ya sauke hannu ya ce in yi.

"Fatihar mai rai da ta mamaci, in sun haɗu a zama ɗaya, wacce ake gabatarwa?"

Ya ce, "Mamaci ya fi bukata, shi aikinsa ya yanke."

Na ce, "To a yi wa Hajo 'yar Malam Sule, yayata, yayar Audu. Rani biyu ke nan."

Audu ya juyo yana dubana kamar bai san ni ba. Jakada ya ce, da muryar nan tasa mai sanyi, "Baba, kwana uku ba su cika ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ba da labari ba. Addu'a na roƙa."

Jakada ya dubi sarkin zango, sarkin zango ya dubi liman. Littafin fada na kan cinyar liman, ya dube shi, ya ɗauke shi ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, "Ba a hana mamaci fatiha." Ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga, aka shafa.

Na ce, "Da Maigari Ɗanladi da 'ya'yansa biyu." Aka shafa. "Da Limaminmu. Da Iro mai awo, da matarsa." Kuka ya fara tashi a bayan zana. Sunaye suka cakuɗe mini, na tsallaka unguwar masaƙa na dawo kasuwa, na ambaci wani sau biyu. Sai na ji murya a gefena, cike da haushi irin na mai sana'a da ya ga ana ɓata masa aiki.

"Ba haka ake bi ba. Daga masallaci dama ake yi. Ka tsallake gidan Tanko gaba ɗaya."

Barau ne. Ina jin maganar ta fita kafin ya yi shawara da kansa, don na ga ya kai hannu baki. Jakada ya kira sunansa sau ɗaya. Barau ya sauke kalangu daga kafaɗa ya ajiye a ƙasa. Ya faro daga ƙofar masallaci kamar yadda ya yi ɗazu, gida gida, ba kiɗa. Kowane gida ya faɗi wanda aka binne da sunan ubansa, ya faɗi wanda aka tafi da shi a ɗaure don a yi masa addu'ar dawowa, ya faɗi wanda ya tsira da garin da yake. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya zo kan Tanko ya sassauta murya, amma Gwaggo Tabawa ta ji. Har la'asar ta yi muna shafawa.

Ba wanda ya gode mini ran nan, kada ku yi zato. Wasu suka ce na zo musu da baƙar ƙafa. Sarkin zango ya sa aka fitar da buzuna waje. Jakada bai yi faɗa ba, ya aiko a karɓi jaki, na haɗa masa da rigar. Audu ya ba ni ɗaki a gidansa, amma kwana shida bai yi mini magana ba. A na bakwai ya same ni a bakin rijiya.

Ya ce, "Ka ci tuwona ran Laraba kana ce mini tana gaishe ni."

Na ce, "Na ce."

"Shekara ashirin in na rufe ido garin nan nake gani. Ka bar ni da me?"

"Da 'ya'ya bakwai da rijiya biyu."

Ya daɗe yana kallon cikin rijiyar. Sannan ya kira matarsa ya ce a kwance kaya, a aika wa Bagwanjen nan ciniki ya tashi.

Gida biyar duk da haka suka bi Jakada, na kusa da sarkin zango, da waɗanda suka riga suka karɓi kuɗin gidajensu. Na bi su har bakin gari ina roƙo, wani cikinsu ya ce mini fada ta yi alkawarin gina ganuwa. Barau bai dawo ba, ya san abin da ke jiransa. Yana can yana yi wa dillalan goro waƙa, ya ce sun fi sarakuna kyauta kuma ba sa sa shi ƙarya sai a kan girman goro. Audu ya yi ya yi in zauna, na ce Ladi na jira, kuma in ban koma ba za a ce tsoro na ji.

Na dawo bayan damina da wani ayari, a ƙasa. Zanguna uku aka ce mini ba wuri, na kwana da jakuna, ban ga bambanci mai yawa ba. Na iske an ba wani karofina. Ladi ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "An aike ka da riga da jaki ka dawo da sanda. Zauna ka ci tuwo." Yanzu a karofin wani nake rini ana ba ni na cefane, hannuna dai baƙi ne kamar da.

Masu cewa na keta al'ada, na ji. Na keta, kuma da za a mayar da ni Gwanja gobe, ran Laraba zan fara, ba zan jira Juma'a ba. Kwana biyun nan da na yi ina cewa suna gaishe ku, su ne abin da nake neman gafara a kai.

Ganuwar da aka yi alkawari ba a aza ko tubali ɗaya ba. Ranin da ya wuce mahara suka sake biyowa ta tudun. Cikin gida biyar ɗin nan mun binne mutum uku, na je da kaina na tambayi sunayensu da na iyayensu, na rubuta a wata takarda dabam. An ce wani jakadan zai tashi da rawani da daddawa bayan kaka. Madugun da zai riga shi hanya, ko wane ne, ya biyo ta gidana ya karɓi takardar ya kai wa limamin zango hannu da hannu. Ba ni da abin ba shi lada, sai dai in rina masa rawani.